Yadda za ka rage danna waya a Legas ba tare da ciniki ya tsaya ba

Mai sayar da tumatir a Mile 12 ko ɗan canji a Agege ba zai iya kashe waya ba. Ta nan alat ɗin banki ke shigowa, ta nan direban da ya ɗauko kaya daga Arewa ke kira. Kallon banza za ka rage, wayar tana nan.

Fara da duba lissafin lokacin da kake ɓatawa a waya. A galibin wayoyin Android, irin su Tecno, Infinix da Samsung, shiga saiti ka nemi Digital Wellbeing. A iPhone kuwa Screen Time ne. Yi kwana 7 kana dubawa ba ka canja komai ba. Yawanci manhaja biyu ko uku ne ke cinye yinin.

A nan dai za ka sa musu iyaka, kuma a nan mutane ke faɗuwa. Mai yin awa 4 a TikTok sai ya mayar minti 15, kafin jibi ya cire iyakar da hannunsa. Riƙa rage rabin awa duk mako. A iPhone, ba maiɗakinka ko amininka wayar su sa lambar sirrin Screen Time, kada su faɗa maka. A Android cire iyakar ba wuya, don haka gara ka goge manhajar, in ta kama ka shiga ta burauza. Wannan 'yar wahalar ita ke karya saurin hannu.

Kashe sanarwar komai ban da kira, saƙon tes, na banki da na WhatsApp. Guruf-guruf na WhatsApp, na 'yan gari ɗaya da na siyasa, ka rufe musu baki: akwai zaɓin awa 8, mako guda ko dindindin. Manyan kwastomominka kuma ka ba su ƙara ta daban, yadda ko ba ka ciro waya ba ka san na kuɗi ne.

Cunkoson titin Ikorodu ko gadar Third Mainland shi ke sa hannu ya tafi aljihu. Sauke karatun Alƙur'ani ko shirin rediyo tun daga gida, ka sa abin kunne. Dama riƙe waya kusa da tagar motar haya ta danfo gayyatar masu fizge ce.

Dare ya fi wuya. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, datar dare mai araha ta ƙara shiga rai, ita kuwa barci take ci, ta haɗa da sallar Asuba. Kada ka saye ta sai in akwai abin saukewa. Bayan Isha'i ka jona babbar waya nesa da shimfiɗa, ka kwana da ƙarama mai madannai. Layin da ke karɓar alat ka sa a cikinta, tunda tura kuɗi ta USSD, wato gajeriyar lambar banki da ake dannawa, ba ya bukatar intanet.