Yadda na gyara sabar ajiye fayil ta gidanmu

Tsohuwar kwamfutata na mayar saba a gidanmu na Gwammaja, don ƙannena su riƙa zuba hotunan biki. Da FTP na fara, wato wata hanyar tura fayil tsakanin kwamfutoci. Ashe kalmar sirri tsirara take tafiya, ga shi rabin layinmu sun san lambar Wi-Fi ɗinmu. Na rufe ƙofa ta 21 da FTP ke bi, na koma SFTP, mai ɓoye abin da ake turawa, ta ƙofa ta 22. A sshd_config, fayil ɗin saitin shiga sabar, na mayar da PasswordAuthentication zuwa no, wato babu shiga da kalmar sirri, sai mai makullin dijital ke shiga.

Wanda ya sha mini kai kuwa: da an ɗauke wuta an dawo, sai rauta, na'urar da ke raba Wi-Fi, ta sauya wa sabar adireshi, a kasa samunta. Kwana biyu ina zargin kebul, har sabo na sayo a Farm Centre! Ƙarshe na ɗaure wa sabar adireshi ɗaya, 192.168.1.50, a cikin rauta don kada ya ƙara sauyawa.