Kurakuran da Muke Yi Wajen Koyar da Nazarin Taurari a Labarai da Waƙoƙin Yaƙi

Na daɗe ina koyar da adabi a wata sakandare a cikin birnin Kano, kuma duk shekara in na ɗauki takardun jarrabawa abu ɗaya nake tararwa. A ce wa yaro ya bayyana halin tauraro, sai ya kwashe labarin tun daga farko ya sake ba ka. Laifin namu ne malamai, don mun saba tambayar "me ya faru?" maimakon "me ya zaɓa, me ya bari?" Gyaran mai sauƙi ne: ɗauki fage guda inda mutum yake da hanya biyu, ka hana ɗalibai fita daga shafin nan sai sun nuna jimlar da ta tona halinsa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar kirari a matsayin shaida. Yaro ya karanta Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, ya ji gogan yana cika baki, sai ya rubuta "jarumi ne marar tsoro", ya ajiye biro. To, wa ya faɗa? Shi da kansa. Kirari yana nuna yadda mutum yake so a gan shi, ko yadda maroƙi yake so a ɗauki ubangidansa, kuma wannan ma abin nazari ne, amma ba nan aka tsaya ba. Nakan sa su raba allo gida uku: abin da ya ce game da kansa, abin da wasu suka ce, da abin da ya aikata da hannunsa. Inda ukun suka saɓa, nan halin yake ɓoye. Ranar da wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, anya wanda ba ya tsoro yana bukatar yawan faɗin haka?" na san darasin ya shiga.

Daga nan sai raba mutane gida biyu, jarumi da rago. Tarihin garinmu kansa ya isa ya kawar da wannan. A 1903 da Turawa suka ci Kano, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. A hanyar dawowa ya rabu da rundunarsa, Waziri Ahmadu ya ja sauran aka gwabza a Kwatarkwashi, can ya rasu, wasu kuma suka komo gida suka yi mubaya'a. Ka ba ɗalibai waɗannan matsayi uku, kowane rukuni ya kare ɗaya da hujja. Za su gane cewa kowa da nauyin da yake ɗauke da shi, na iyali, na addini, na talakawa.

A waƙa kuwa, ana yawan haɗa mawaƙi da muryar da ke cikin baiti. Mai waƙar ƙarfafa wa soja gwiwa a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 yana iya cewa "mu" alhali bai taɓa riƙe bindiga ba. A tambayi yara: wa ke magana, da wa yake yi, me yake so mai sauraro ya aikata?

Muna kuma mantawa da waɗanda aka bari a gida. Uwar da ke jiran labari da matar da ta ɓoye hatsi taurari ne, ko da layi biyu marubuci ya ba su.

Abu guda nake roƙon 'yan'uwana malamai. A azuzuwanmu akwai yaran da iyayensu suka baro Borno da Yobe saboda rikicin Boko Haram, kuma ba labari suka ji ba. Kada ka nuna yaro ka ce ya ba aji labarin abin da ya gani. Ka sanar da su tun kafin ranar cewa shafin gobe yana da nauyi, wanda ya fi son ya rubuta amsarsa a takarda maimakon ya yi magana a gaban aji, ka karɓa.