Babi na 6: Taimaka wa Yaro Ɗan Ajin Share Fage

Darasi na 1: Abin da yara suke yi a wannan aji

Da yawa daga cikinku kun kawo mini kuka iri ɗaya, cewa kun sa yaro a makaranta amma kullum sai ya dawo da ƙasa a gwiwa da yumɓu a farce, littafinsa kuwa babu komai a ciki sai zane-zane. Ku kwantar da hankalinku. Ajin share fage shi ne wanda yaro ɗan shekara 5 yake yi na shekara guda kafin ya shiga aji ɗaya na firamare, kuma yana cikin tsarin ilimi na Nijeriya tun shekarar 2013. Wani Bajamushe mai suna Friedrich Froebel ne ya raɗa wa irin wannan makaranta suna Kindergarten a 1840, ma'anar sunan kuwa ita ce lambun yara.

Da safe malama tana zaunar da su a kan tabarma, a gaisa, a yi waƙa, sannan ta raba musu yumɓu da murafun kwalba da faranti mai yashi. Yaron da yake murza yumɓu yana ƙarfafa babban yatsa da manuniya da yatsan tsakiya, waɗanda su ne zai riƙe fensir da su nan gaba. Saboda haka idan ya dawo da datti, a wanke shi kawai, kada a yi masa faɗa.

Darasi na 2: Farawa daga hagu

Wannan darasi shi ne ya fi ba ɗalibaina wahala, don haka za mu daɗe a kansa. Yawancinmu mun fara karatu a makarantar allo, inda rubutu yake tashi daga dama ya nufi hagu, kuma hannu ba ya saurin manta abin da ya saba tun yana ƙarami. Babu abin kunya a ciki. Sai dai rubutun boko yana tashi ne daga hagu ya nufi dama, kuma idan uwa ta koya wa yaro akasin haka a gida, washegari malama za ta gyara masa a aji, shi kuwa ya rasa wadda zai bi.

Ki samo faranti mai faɗi, ki zuba yashi a ciki, ki baje shi da tafin hannu. Ki zauna kusa da yaron, kafaɗarki tana taɓa tasa, ku duka kuna fuskantar gefe guda. Kada ki zauna a gabansa, domin idan kuna kallon juna, hagunki ya zama damansa, kuma duk abin da kika zana zai gan shi a juye. Hagu shi ne ɓangaren hannun da ba ki cin abinci da shi. Idan kina kokwanto, ki ɗaura jan zare a wuyan hannunki na hagu, ki ɗaura wa yaron irinsa, sannan ki ajiye ƙaramin dutse a gefen farantin da yake wajen zaren. Daga wajen dutsen ake farawa.

Ki ɗora manuniyarki kusa da dutsen, ki ja layi a hankali zuwa ɗaya gefen. Ki ɗaga yatsa, ki koma wajen dutsen, ki sake jan wani layin a ƙarƙashin na farko. Ki lura da abin da na ce: a ɗaga yatsa a koma hagu. A nan ne mutane suke kuskure, domin idan sun kai ƙarshen layi sai su juyo da yatsa ta baya kamar mai sharar tsakar gida. Ki yi sau biyar, sannan ki bar yaron ya yi sau biyar da kansa, ba tare da kin kama masa hannu ba.

Idan layi ya zauna, sai ku gwada kalmar gida. Harafin g yana wajen dutsen, i yana biye da shi, sannan d, sannan a. Wadda ta faro daga dama za ta sami adig, wanda ba Hausa ba ne. Haka lamba take: idan aka juya 12 ta koma 21, kuma a kasuwa wannan ba ƙaramar asara ba ce.

A makon jiya na duba littattafanku, na tarar har yanzu wasu suna tasowa daga dama, alhali mun maimaita wannan abu har muryata ta dushe. Na kuma san akwai waɗanda suka cire zaren don kada kishiya ta yi dariya. Wadda ta cire ta mayar da shi yau, kuma kada ta wuce zuwa darasi na gaba sai hannunta ya riƙa zuwa hagu da kansa. Da sannu za ki iya, Insha Allahu, amma daga hagu.

Darasi na 3: Ƙidaya

Ki tara murafun kwalba 10, ki wanke su, ki jera su a layi. Yaron ya taɓa kowane murfi da yatsa yana faɗin lambarsa, murfi ɗaya lamba ɗaya, kuma ya faro daga hagu. Idan yana da ƙaramin ƙane mai rarrafe, a kwashe murafun da zarar an gama don kada ya sa a baki. Carafke ma yana koyar da ƙidaya.

Darasi na 4: Tatsuniya

Bayan sallar isha ki ba shi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, washegari kuma ki ce shi ya ba ki. Idan ya tsallake wani wuri, ki tambaye shi abin da ya faru kafin nan.