Darasi na Tara: Neman Ragin Bashi a Birtaniya

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wannan darasi na 'yan'uwanmu ne mazauna Ingila da Wels waɗanda bashi ya yi wa yawa har suka shiga tsarin biya kaɗan-kaɗan, wanda a can ake taƙaita sunansa da haruffa uku, DMP. Wanda ke zaune a Sikotlan ya tambaya a can, don dokarsu ta sha bamban a wurare da dama.

Mu ɗan tuna yadda tsarin yake. Kana ba wata ƙungiya kuɗi sau ɗaya a wata, abin da ya rage maka bayan haya da abinci da wuta, ita kuma ta raba wa masu bin ka. Bashin da ke shiga ciki shi ne na katin banki, da rancen banki, da kayan da aka ɗauka bashi a kanti. Kuɗin haya, harajin ƙaramar hukuma, gas da lantarki na gidan da kake ciki, da tarar kotu, su ne a gaba, don rashin biyansu yana iya raba mutum da muhallinsa ko ya ja masa hukunci. Tsarin ba umarnin kotu ba ne. Fahimtar juna ce kawai, shi ya sa masu bin bashi suna iya tsayar da kuɗin ruwa, kuma da yawa suna tsayarwa, amma doka ba ta tilasta musu ba. StepChange, ƙungiyar agaji da aka kafa a 1993 mai hedikwata a Lids, tana shirya wa mutane wannan tsari kyauta. PayPlan ma ba ta karɓar ko kwabo daga hannun wanda ake bi. Akwai kamfanonin da ke yankar lada a kowane wata. Hukumar FCA, mai kula da kamfanonin harkar kuɗi a Birtaniya, ita ce ke sa musu ido tun 2014, amma ni ban ga dalilin biyan kuɗi a kan abin da ake samu kyauta ba.

To, wata rana sai Allah ya kawo kuɗi a dunƙule: gado, ko kuɗin sallama daga aiki, ko kuɗin mota da aka sayar, ko kyautar ɗan'uwa. Ba su kai bashin duka ba. A nan ne ake ciniki. Ka ce wa mai bin ka: ga wannan a hannu yau, ka karɓa ka yafe sauran, mu rabu. A wannan darasi za mu kira shi biyan sallama.

Me zai sa kamfani ya yarda?

Ba tausayi ba ne, lissafi ne. Mu ɗauki misalin direban tasi a Mancesta da ake bi fam 10,000, yana biyan fam 100 a wata. Wata 100 ke nan kafin ya gama, wato shekara takwas da wata huɗu. A cikin shekarun nan yana iya rashin lafiya, yana iya rasa aiki, yana iya zuwa a ayyana shi a matsayin wanda ya karye, masu bin sa su tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ƙari a kan haka, sau da yawa bankin da ya ba da rancen ya riga ya sayar da bashin ga wani kamfani a farashi mai sauƙi. Wanda ya saya da araha yana iya yin ragi mai yawa kuma ya ci riba. Duba takardun da ke zuwa maka da kyau, ka ga sunan wa ke sama. Da mai bashin na yanzu za ka yi ciniki, ba da na da ba.

Amma ka sani, babu dokar da ta ce sai sun karɓa, kuma babu wani kaso da aka yanke. Kamar kasuwa ne: ka taya, a ce albarka, ka ƙara, a sallama ko a ƙi. Wanda saura shekara ɗaya ya gama biya da wuya a yi masa ragi mai tsoka. Wanda biyansa zai kai shekara goma ko fiye, shi ne ke da bakin magana.

Musulmi kada ya ji nauyin neman ragi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Ka'abu ɗan Maliku ya bi Ibnu Abi Hadrad bashi a masallaci har muryoyinsu suka ɗaga. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yaye labulen ɗakinsa, ya yi wa Ka'abu nuni da ya sauke rabi. Ka'abu ya amsa. Sai aka ce wa ɗayan ya tashi ya biya. Ka lura da ƙarshen: ragi yana tafiya ne tare da biya nan take.

Rabon daidai

Direban nan namu mutum uku ke bin sa. Katin banki fam 6,000, rance fam 3,000, kanti fam 1,000. Yayansa ya ce zai ba shi fam 4,000.

Abin da zuciya za ta fara raya masa shi ne ya toshe bakin wanda ya fi damunsa da waya, ko ya share ƙaramin bashin kanti ya huta. Kuskure ne. Ƙa'idar ita ce kowa ya samu gwargwadon abin da yake bi. Fam 4,000 cikin fam 10,000 kashi 40 ne cikin ɗari, wato fam huɗu a kowane fam goma. Saboda haka mai katin banki fam 2,400, mai rance fam 1,200, mai kanti fam 400. Haɗa su ka gani: 4,000 cif.

Idan lambobin ba su zo a sauƙaƙe haka ba, ga hanya. Ɗauki bashin mutum ɗaya, ka ninka shi da kuɗin da ke hannunka, ka raba da jimillar bashin duka. Gwada da na rance: 3,000 sau 4,000 ya ba da 12,000,000, a raba da 10,000, an samu 1,200. Wayarka tana da na'urar lissafi, yi amfani da ita.

Dalilin wannan rabo biyu ne. Masu bin bashi sukan nemi ganin jerin abin da aka taya wa kowa, kuma wanda ya ga an fifita wani a kansa zai ƙi. Na biyun ya fi nauyi. Idan al'amura suka ƙara lalacewa har aka ayyana ka a matsayin wanda ya karye, jami'in da ke kula da dukiyarka yana da ikon waiwayar biyan da ka yi. In ya ga ka fifita wani da gangan cikin wata shida da suka wuce, yana iya neman kotu ta dawo da kuɗin. In ɗan'uwanka ne ka fifita, ana waiwayar shekara biyu. Mu da muke da al'adar fara sauke nauyin dangi saboda kunya, wannan ya shafe mu ƙwarai.

Wayayyen mai ciniki ba ya buɗe jakarsa duka a tayin farko. Direbanmu yana iya farawa da kashi 30: fam 1,800, fam 900, fam 300. Jimilla 3,000, ya rage masa 1,000 na ƙari idan aka ce albarka. Wannan ba ƙarya ba ce. Ƙarya ita ce ɓoye albashi ko dukiya a takardar kasafin da za ka aika musu, kuma wannan kam kada ka kusance ta.

Kafin ka aika komai, kira ƙungiyar da ke riƙe da tsarinka ka gaya musu. Su ne suka san ainihin abin da ya rage a kowane bashi, kuma za su duba ko akwai wata mafita da ta fi wannan. Kada ka tsayar da biyan wata-wata don kana ciniki. Kada kuma ka ci sabon bashi don biyan tsoho. Ɗaukar adashi da wuri ma bashi ne, ko da sunansa ya fi daɗin ji, tunda zubi yana jiran ka har zagaye ya ƙare.

Takarda kafin kuɗi

A nan nake so mu daɗe, don a nan mutane suka fi faɗawa rami.

A dokar Ingila, idan kana bin mutum fam goma ka ce ya kawo shida ka yafe huɗu, alƙawarin nan shi kaɗai ba lallai ya ɗaure ka ba. A 1884 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta yanke hukunci a shari'ar wani likita mai suna Foakes da wata mata mai suna Beer. Tana bin sa sama da fam 2,000. Ta yarda ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, ba za ta ƙara kai shi gaba ba. Ya biya uwar kuɗin duka. Sai ta dawo tana neman kuɗin ruwa, kuma kotu ta ba ta gaskiya. Har yau ana kafa hujja da wannan hukunci.

Amma a 1911 an yi wata shari'ar. Wani hafsan soja mai suna Temple ya ci bashin masu ba da rance a Indiya. Mahaifinsa ya aika musu ƙasa da abin da suke bi, da sharaɗin magana ta ƙare. Suka karɓa, sannan suka kai ɗan ƙara a kan sauran. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba su isa ba, tunda sun karɓi kuɗin uban a kan wannan sharaɗi. Shi ya sa masu ba da shawara sukan ce idan ɗan'uwa ne ya ba da kuɗin, ya fi ƙarfi ya biya da kansa daga asusunsa.

Sai ka ji direban yana ce wa yayansa, “Yaya, kada ka turo mini. Ka riƙe su tukuna. In takardarsu ta iso, kai za ka tura musu da hannunka.” Yayan ya ce, “Kai dai ka cika tsoro, ba sun ce sun yarda a waya ba?” Ya ce, “Wanda ya ce ya yarda ko sunansa ban riƙe ba, Yaya. Gobe wani zai ɗaga wayar.”

Ƙanen ne ke da gaskiya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi. Yafe bashi ma a rubuta shi.

National Debtline, wadda ke ba da shawara kyauta, tana da samfurin wasiƙar tayi da za ka cike. Idan Turancinka bai nuna ba, je ofishin Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kyauta, ko ka sa yaronka ya karanta maka a hankali, layi-layi. Amsar da za ta zo, kafin ka saki ko fam ɗaya, ka tabbata ta faɗi sunanka da lambar asusun da adadin kuɗin. Ta ce an karɓi wannan adadi a matsayin biya na ƙarshe, kuma ba su ba, ba wani kamfani da za su sayar wa ba, babu mai sake bin ka sauran. Ta ce za a mayar da abin da ake bin ka sifiri. Duba ranar da suka ba ka ka biya, don tayin yakan zo da wa'adi. Idan bashin na mutum biyu ne, kamar miji da mata, a rubuta sunan kowa. In ba haka ba, an sallame ka amma ana iya bin matarka sauran duka, don a bashin haɗin gwiwa kowane ɗaya yana ɗauke da nauyin dukan kuɗin, ba rabi ba.

Wata dabara ta yaudarar kai ita ce mutum ya aika kuɗi tare da 'yar wasiƙa cewa in kun karɓa kun yarda. Kamfani yana iya karɓa ya rage daga bashin, ya ci gaba da bin sauran.

In an biya, adana takardar yarda da shaidar biya aƙalla shekara shida. Ɗauki hotonsu a waya, ka aika wa kanka ta imel, asalin kuma ka sa inda fasfo yake. Idan wani ya dawo yana bin ka, aika masa kwafi. In ya ƙi ji, rubuta ƙorafi. Kamfani yana da mako takwas ya amsa, daga nan kana iya kai maganar ofishin Financial Ombudsman Service, mai sauraron ƙorafi a kan kamfanonin kuɗi, kyauta.

Abin da zai biyo baya

Kamfanoni uku ne manya masu riƙe tarihin bashin mutane a Birtaniya: Experian, Equifax da TransUnion. A kundinka za a rubuta cewa wani ɓangare aka biya, ba duka ba, kuma mai ba da rancen gida ko na mota zai gani. Idan an riga an yi wa asusun alamar gaza biya, zai fita daga kundin bayan shekara shida daga ranar da aka sa alamar, ba daga ranar sallama ba. Bayan wata ɗaya ko biyu ka duba kundin, ka ga ko an mayar da bashin sifiri.

Ba lallai kowa ya yarda a lokaci ɗaya ba. Idan biyu suka sallama ɗaya ya ƙi, tambayi mai ba ka shawara kafin ka biya su. In an biya, fam 100 ɗin nan na wata zai koma kan wanda ya rage, ya ƙare da wuri. Bayan wasu watanni kana iya sake tayawa.

Aikin aji

Wata mata mai aikin kula da tsofaffi a Landan ana bin ta fam 5,000 na kati, fam 2,000 na rance da fam 1,000 na kanti. Ta samu gadon fam 2,000. Kashi nawa ke nan cikin ɗari, kuma nawa za ta taya wa kowa? Idan tana biyan fam 80 a wata, shekara nawa da wata nawa ya rage mata in ba a yi ragi ba? Mai rancen ya kira ta ya ce ya yarda, ta tura kuɗin kafin ƙarfe biyar na yamma. Ku zauna biyu-biyu, ɗaya ya zama ma'aikacin kamfani, ɗaya ya zama matar, mu ji amsar da za ta ba shi.