Darasi na 7: Jan Dodon Koɗin Bahar Maliya

Masunta a Bur Sudan, birnin da ke gaɓar Bahar Maliya a ƙasar Sudan, kan ci karo da wata halitta ja wur, mai laushi, ba ƙashi ba ƙaya. Dangin dodon koɗi ce, sai dai ba ta da katantanwa a bayanta. Masu nutso suna kiranta 'yar rawar Sifaniya, masana kuma suna ce mata Hexabranchus sanguineus. Wani Bajamushe, Eduard Rüppell, ya tattaro irinta daga Bahar Maliya a shekarun 1820.

Mazauninta duwatsun murjani ne, irin waɗanda ke Sanganeb, a cikin teku kusa da Bur Sudan, wurin da UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2016. Da rana tana ɓoye a ramuka, da dare take fitowa kiwo. Babba takan kai santimita 40. A kanta akwai ƙahoni biyu masu taushi, da su take jin ƙamshin abinci cikin ruwa. A bayanta kuma akwai gaɓoɓin numfashi guda shida a buɗe. Yawancin danginta jan ciki kawai suke yi, ita kuwa idan an takura mata sai ta buɗe gefen jikinta ta yi iyo, tana lanƙwasa kamar mayafin da iska ke kaɗawa.

To, me ke hana kifi cinye ta, alhali ba ta da sulke? Sirrin yana cikin abincinta. Tana cin soson teku mai guba (wata halitta mai kama da soso da ke manne a duwatsu), gubar ba ta kashe ta, sai ma ta adana ta a fatarta. Har ƙwanta tana sa wa gubar. Takan zuba ƙwai a dogon zare ja, a nannaɗe bisa dutse, a fili, ta yi tafiyarta ba gadi. Kowace ɗaya mata-maza ce, amma sai biyu sun haɗu ake samun ƙwai.

Jama'a, idan ta shigo komarku, ba nama ba ce, ba ta kasuwa ba ce. Ku mayar da ita ruwa tun ba ta bushe ba. Wajen jefa anga kuma a nemi yashi, domin murjanin da ya farfashe yakan ɗauki shekaru kafin ya sake girma.

Aiki: Karanta sakin layi na uku da ƙarfi. Sannan ka rubuta amsa a littafinka. Daga ina wannan halitta take samun gubarta? Yaushe take fitowa kiwo?