Yadda ake kiwon kaji na haɗin gwiwa a gari ba tare da rigimar ƙwai ba

Kada ku sayi kaza ko ɗaya sai kun zauna kun rubuta yadda za a raba ƙwai. Na ga ƙungiyoyi sun gina akurki mai kyau, sun yi karo-karo, sannan suka watse a kan ƙwai uku.

Da farko ku tambayi hukumar garinku ko an yarda da kiwo a cikin unguwa, ku kuma shaida wa maƙwabta. Zakara ba shi da aiki a nan. Kaza tana yin ƙwai ba tare da shi ba, carar asuba kuwa ita ke jawo ƙara. Gida shida zuwa takwas ya isa a kafa ƙungiyar. Ku sayi kajin da suka kusa fara ƙwai, masu mako 16 zuwa 18. Sun fi 'yan tsaki tsada, amma sabon shiga ba ya iya rainon tsaki.

To, ga inda muka yi kuskure a tamu ƙungiyar. Mun ce duk wanda ya yi aikin ranar, ƙwan ranar nasa ne. Da farko lafiya lau. Sai wata rana mai aiki ya manta da ruwa, muka tarar da mazubin a bushe ƙayau, kajin sun buɗe baki suna haki. Ƙwai ya ragu kwanaki a jere, waɗanda ba su da laifi suka kwashi asarar. Haka ma idan kaji suka shiga zubar da gashi, ƙwai yakan tsaya makonni, wani ya share akurki ya koma gida hannu rabbana. Don haka a tara ƙwan mako wuri guda, a rubuta na kowace rana a littafin da ke rataye a ƙofar akurki, har da wanda ya fashe, a raba ranar da aka tsayar. Wanda ya tsallake aikinsa bai sa wani ba, rabonsa na makon ya shiga asusu.

Kuɗin abinci a karɓa a farkon wata. Kaza ɗaya tana cin kusan giram 120 a rana, lissafin ba wuya. Gurbin ƙwai ɗaya ga kaji huɗu ko biyar. Sabuwar kaza a keɓe ta aƙalla mako biyu, rigakafi kuma a bar wa likitan dabbobi. Takin ma a raba shi.