Yadda za ka kalli besbol a New York ba tare da gyangyaɗi ba, har ma ka buga

Jama'a kusan duk ɗan'uwanmu da ya sauka Bronx sai ka gan shi da hular nan mai NY a ka, wasu tun a gida ma suke sa ta, amma ka tambaye shi hular mene ce sai ya ce ai ta New York ce. To malam hular kulob ɗin Yankees ce, kuma filinsu ga shi nan a titi na 161, wasunmu kullum sai jirgi ya wuce da su ta gefensa amma ba su taɓa leƙawa ba. Ni ma haka nake da. Ranar da na fara shiga ban san komai ba, na zauna ina jira a fara gudu kamar ƙwallon ƙafa, ina ganin mutum ɗaya yana jifa wani yana tsaye da kulki saura suna tsaitsaye kamar masu jiran mota, wallahi sai da na yi gyangyaɗi. Wani ɗan Dominika da muke aiki tare ne ya zaunar da ni ya ce kai matsalarka kana kallon fili gaba ɗaya, ka kalli mutum biyu kawai.

Mutum biyun su ne mai jifa da mai bugu. Tsakaninsu ƙafa 60 da inci 6, ƙwallon kuma na zuwa da gudun mil 95 ko fiye a awa, ko rabin sakan ba ta yi ta iso. In mai bugu ya kai duka ya kuskure, ko ƙwallo ta bi daidai inda ya kamata ya buga ya ƙyale ta, an ci shi sitirak. Sitirak 3 ya fita, shi ne suke cewa aut. In kuma mai jifa ya yi ta jefawa a karkace har sau 4 mai bugu bai kula ta ba, sai a ba shi tasha ta farko kyauta ya taka abinsa a hankali. Saboda haka idonka ya riƙa komawa kan allo kana duba lambobin nan biyu, in ka ga 3 da 2, wato jifa a karkace 3 da sitirak 2, to an kai maƙura, jifa na gaba ko dai mai bugu ya tafi tasha ko a kore shi sai dai in ya goge ta ta fita gefe a sake, a nan za ka ji fili ya ɗau ihu ka rasa dalili in ba ka san lissafin ba. Tashoshi 4 ne, tsakanin kowace da kowace ƙafa 90, sai mutum ya zagaye su ya dawo gida sannan a rubuta ci ɗaya. In ya maka ta ta tsallake katanga shi ne hom ran, shi da duk wanda ke kan tasha sun ci. An fitar da mutum 3 sai a yi musanya, masu bugu su koma tsaro, haka har zagaye 9. Kuma kar ka raina ɗan wasa don ka ga ya kuskure, wanda yake samun bugu mai kyau sau 3 cikin 10 gwani ne a wasan nan.

Maganar tikiti, kowane kulob wasa 162 yake bugawa a shekara, 81 a gida, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, to ka ga babu gaggawa. Kar ka fara da ranar da Yankees ke karawa da Red Sox na Boston ko da Mets, ɗaya kulob ɗin New York, kuɗin zai ƙona maka aljihu. Nemi ranar Talata ko Laraba da ƙaramin kulob, ka sayi kujerar can sama ko bencin bayan fili, tikitin a waya yake zama cikin manhajar MLB Ballpark, don haka ka cika cajinka kafin ka fito. Ni bencin na fi so duk da ba shi da majingina bayanka zai gaya maka, don a nan ne 'yan gani-kashe-nin sashe na 203 suke, da an fara wasa sai su riƙa kiran sunan 'yan wasansu ɗaya bayan ɗaya suna tafi, ba za su bar mutum ba sai ya juyo ya ɗaga musu hannu. Amma don Allah kar ka shiga cikinsu da hular Red Sox.

Jirgi lamba 4 ko D zai sauke ka a bakin fili, kar ka ce za ka je da mota, kuɗin fakin kaɗai ya isa ya ɓata maka rai. In Mets kake so sai ka hau lamba 7 zuwa Citi Field a Queens, kana shiga babbar ƙofa za ka ga zauren da aka yi don tunawa da Jackie Robinson, baƙar fatan da ya karya shingen wariya a wasan a 1947, ga lambarsa 42 ƙatuwa. Yankees na da kofi 27, na ƙarshe a 2009, Mets 2 kacal, 1969 da 1986, shi ya sa magoya bayan Mets suka fi iya haƙuri, ni dai haka na gani.

Abinci a ciki tsada kamar me, kuma da kati ake biya ba tsabar kuɗi ba, sannan ba kowane nama za ka ci hankalinka kwance ba. A Yankee Stadium suna barin ka shiga da ɗan abincinka da robar ruwa wadda ba a buɗe ba, ni gurasa da ƙwai nake naɗowa ko na tsaya da gyaɗarsu. Kar ka ɗauko ƙatuwar jaka a mayar da kai daga ƙofa. Wasan dare wajen ƙarfe 7 ake farawa, da rani kuma rana ba ta faɗuwa sai 8 ta wuce, to magariba a tsakiyar wasa za ta same ka, ka fito da alwalarka ka san yadda za ka yi, ko ka zaɓi wasan rana na ƙarfe 1 ranar Lahadi. Tun 2023 da aka sa wa mai jifa agogo wasan ya ragu, yanzu awa 2 da minti 40 haka an tashi.

To sai bugawa. Kar ka fara da ƙwallon besbol ta gaske, tauri gare ta kamar dutse, fara da sofbol, ta fi girma kuma ta ƙasa ake jefo ta a hankali. Abin da za ka fara saya safar hannun nan ta fata ce, a nan ne na yi abin kunya, na shiga shago na ce ni badame ne na ɗauko wadda ke shiga hannun dama, na je fili ina taƙama, na cafe ƙwallo sai na rasa da wane hannu zan jefa, yara 'yan shekara 10 suna ta ƙyaƙyata mini. Ashe in da dama kake jifa a hagu ake sa ta. Sabuwa kuma a sandare take, ka sa ƙwallo a cikinta ka ɗaure da igiya ta kwana biyu uku sannan ta fara lanƙwasa.

Fili kuwa tsallaka titi kawai daga Yankee Stadium akwai Heritage Field, daidai inda tsohon filin 1923 yake kafin a rushe shi, kowa na iya shiga, a Central Park ma akwai filaye. Sai dai ƙungiyoyi na karɓar takardar izini daga hukumar wuraren shaƙatawa ta birni, in masu takarda suka zo sai ka tattara ka ba su wuri ba musu. Ku je da sassafe ranar Asabar ku biyu ku yi ta jefa wa juna, kuna yi kuna ƙara tazara, kafin ka ankara wani zai ce mutum ɗaya ya rage musu ko za ka shigo. In ka shiga za su tura ka can baya ta dama inda ƙwallo ba ta cika zuwa ba, kar ka ji haushi, kowa daga nan ya fara. In ta taso sama ta nufo ka kar ka ruga gaba, tsaya ka karance ta tukuna, gara ka ja baya kaɗan ka dawo da ta wuce ta saman kanka.

Yara kuma a yi musu rajistar lig ɗin unguwa tun cikin sanyi kafin gurbi ya cika. In a watan Afrilu za ku je kallon dare ku ɗau rigar sanyi mai kauri, iskar saman nan ba ta da mutunci.